Mai Busasshen Hannu A Bakin Kwami

Wurno,
washegarin tafiyarka.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Goronyo lafiya, ka tarar da kawunka Tukur da iyalinsa cikin alheri. Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, Ya tsare ka daga mugun aboki, Ya tsare ka daga abin da hannunka zai jawo maka. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Direban da ke ɗaukar mana albasa zai kawo maka wannan takarda. Babu labarin gida a cikinta, jiya ka bar mu, kome yana nan yadda ka san shi. Na san za ka yi mamakin ganin rubutu mai tsawo haka daga mutumin da bai taɓa zaunar da kai ya yi maka doguwar magana ba. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Tun kana jariri ban ɗauke ka gaban mutane ba, in kuma ina da magana da kai sai in bi ta wurin innarka. Haka aka yi mani, haka na yi maka, mutane har yaba mani kunya suke yi. Amma akwai maganar da ba a ba wani saƙonta, bakina kuma ya kasa faɗinta, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Maganar ita ce, ina zargin taba ta kama ka. Ban taɓa ganin ka da ita a baki ba. Mai yiwuwa ne na zalunce ka da wannan zato, in haka ne ka yafe mani tun yanzu. Zan kawo maka dalilina ɗaya bayan ɗaya, amma sai na fara da yadda ni na shiga, domin in ba ka san wannan ba, ba za ka gane mi ya tsorata ni ba.

Ina yaro aka yi aikin dam ɗin nan da kake kusa da shi yanzu. Baffa Haliru, ƙanen mahaifina, yana cikin waɗanda suka je leburanci wurin. Ya tafi yana cin goro kawai, ya dawo da kuɗin injin ban ruwa da kwalin sigari a aljihu. Kafin nan abin da na sani na taba shi ne garin da tsofaffi ke zubawa a leɓe, da furenta da mata ke gogawa a haƙora. Sigari kayan direbobi ne da leburorin kamfani. Da noman rani ya bunƙasa, fadama ta cika da ƙarar injina, sai ta shiga cikin haƙƙin ɗan ƙwadago. Mai gona ya kawo kunu, ya kawo goro, ya kawo taba. Wanda bai kawo ba, marowaci ne.

Ka san dashen albasa. An cika kwami, wato fangalin dashe, da ruwa, mutum ya duƙa, iri a hannun hagu, dama tana cusawa cikin laka. Hannu biyu duk a jiƙe. Mai jiƙaƙƙen hannu ba ya ƙyasta ashana, in ya taɓa karan sigari kuma ya lalace. Saboda haka dole a sami wani mai busasshen hannu a bakin kwami. A gonar Baffa ni ne wannan. Ɗan makaranta ne ni, ba a so in shiga laka, sai aka ba ni riƙon kwali da ashana.

"Bello, kunno mani guda," in ji Baffa, bai ko ɗago kai ba.

Na ƙyasta ashana na kara a bakin karan, ya ƙi kamawa.

"Kai, ba hakanan aka yi ba. Sa ga baki ka ja. Mi aka koya muku ga makarantar nan?"

Na sa, na ja, na ƙware har hawaye. 'Yan dashe suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, baɗi shi ka koya muna." Na bi ta kan kunyar kwami na je na sa wa Baffa a baki, ya ci gaba da aikinsa.

Babu wanda ya nufe ni da sharri a cikinsu. Aiki ne kamar miƙa ruwan sha. Sai dai daga inda kake tsaye zuwa inda mutum yake duƙe, in ba ka ɗan zuƙa a hanya ba wutar takan mutu. Masu sha kuma suna da yawa, wannan ya kira, wancan ya kira. Kafin a cire albasar shekarar na fara jiran a kira ni. In sun daɗe ba su nema ba, sai in ji raina ba daɗi, ban san dalili ba. Ban sayi ko kara ɗaya ba a ranin nan. Da an ba ni Alƙur'ani da na rantse ba na sha, kuma da zuciya ɗaya zan rantse. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, kunnawa kawai nake yi.

Don haka kada ka auna kanka da ko ka taɓa saye da kuɗinka don kanka. Ranar saye tana zuwa ne bayan an riga an kama mutum. Ka auna kanka da wannan: in safiya ta yi nisa ba ka ja ba, kana jin rashinta?

Da ita na gama sakandare, da ita na kama aikin koyarwa a firamare, da ita na auri innarka. Ka san ni da tsari. Tun ina makaranta nake rubuta abin da ya faru kowace rana, ranar da aka saki ruwa, ranar da muka zuba taki, ranar da inji ya lalace. Amma kuɗin taba ban taɓa rubuta shi ba, domin kara-kara nake saye, abin da ke fita kara-kara kuma ba ya yi wa mutum kama da kuɗi. A wurin albasa na gan shi. Masu haƙuri suna zuba tasu a rudu, rumbun ajiyar albasa, su rufe da ciyawa, su jira ta yi daraja. Ni kullum tun a gona nake sayarwa, lokacin da kowa ke sayarwa, don aljihuna ba ya jira. Nakan ce albashi ne bai isa ba. Abokin aikina da muke ɗaukar albashi ɗaya ya rufe ɗakinsa da kwano, ni kuwa duk damina ina bisa soro ina yaɓe.

Wannan asara ce, amma ba ita ta fi ci mani rai ba. Kana rarrafe ƙirjinka ya fara shaƙewa, in kana numfashi sai a ji kamar ana busa ƙaramin usur. Ɗaki ɗaya muke kwana lokacin. Da sanyi nakan rufe ƙofa in sha a ciki, don kada maƙwabta su ga malamin makaranta da taba. Muka kai ka asibiti. Malamar asibitin ta ɗora abin saurare a bayanka, ta daɗe, sannan ta dube ni.

"Akwai mai shan taba gidanku?"

Na ce babu.

Innarka tana tsaye da kai a kafaɗa, ba ta ce uffan ba. Akuyarta aka sayar aka sayi magani. Sai da muka kusa gida ta yi magana, ba ta ko dube ni ba.

"Malam, ba ni anka tambaya ba, shi as sa ban tanka ba."

Ban taɓa gaya maka wannan ba. Ina gaya maka yanzu saboda abu biyu. Ka sani duk abin da ya sa ka yi ƙarya ga mutumin da ke ƙoƙarin taimakonka, ya riga ya fi ƙarfinka, kome ƙanƙantarsa a idonka. Sannan ka sani ƙirjinka ba irin na sa'o'inka ba ne. Ya sha hayaƙi tun ba ka da haƙori, ba da yardarka ba. Abin da wani zai yi shekaru yana ɗauka kafin ya kwantar da shi, ina tsoron kai ba za ka sami waɗannan shekarun ba.

Zan so in ce a ranar na daina. Ban daina ba, wurin sha kawai na sake, na koma gona. Baffa Haliru ne ya tsayar da ni. Kana iya tuna shi, dattijon da ke zama a zaure da gwangwanin tofi a gefensa. Ba shekaru suka tsofar da shi ba, tari ne. Mutumin da ke saɓa inji a kafaɗa daga gida har fadama ya koma ba ya isa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya ya dafa bango. Aka kai shi Sakkwato, aka dawo, aka koma. Injin aka fara sayarwa, sannan gonar bakin gulbi, wadda yanzu wasu ke noma tafarnuwa a cikinta. Ka san 'ya'yansa, ka san a gonar wa suke ƙwadago.

Wata rana da hantsi na je gaishe shi. Yana jingine da bango, don ya daina iya kwanciya. Ya jawo hannuna ya juya shi, ya dubi yatsuna biyu da suka rine.

"Har yanzu?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni nis sa maka ita ga baki."

Na ce, "Baffa, ƙaddara ce."

Sai da tarin ya sake shi ya ce, "Ƙaddara ba ta ce ka kunno mata ba. Ni na."

Bayan rasuwarsa na bari. Ba da sauƙi ba. Na zama mai faɗa har 'yan ajina suka riƙa leƙen fuskata kafin su shigo. Na tauna kanumfari har harshena ya mutu. Na faɗi, na sake sha, na sake bari. Ina faɗa maka haka don kada ka ɗauka wanda ya bari wani jarumi ne na daban. Mutum ne da ya faɗi ya ƙi zama a ƙasa.

Wanda ya bar abu da wuya yakan so kowa ya bari a rana ɗaya. Muka haɗu da liman da mai unguwa da wani ma'aikacin lafiya muka kafa ɗan kwamiti. Liman ya yi huɗuba. Ma'aikacin lafiya ya zagaya makarantu da hoton huhun mai sha da na wanda ba ya sha. Muka roƙi masu tebur kada su sayar wa yaro ko da ya ce aiko shi aka yi, babban da ke so ya zo da ƙafarsa. Ba zan rage wa aikin nan daraja ba, ya yi amfani. 'Yan firamare sun daina bin titi da kara maƙale a bayan kunne, har mutanen Achida da Dinawa suka nemi mu je mu gaya musu yadda muka yi.

Amma ni na ɓata wasu abubuwa da zafin kai. Na kama Nomau, mai teburin bakin tasha, ya sayar wa wani ɗalibina. Maimakon in ja shi gefe, sai na yi masa faɗa ranar kasuwa gaban jama'a, mutumin da shekara da shekaru ni ne babban mai cinikinsa. Sannan na ce daga yau babu taba a gonata. A zaure na faɗa, ta bakin innarka ya isa gare ka, na ɗauki allina na koma aji. Ban je na yi wa 'yan dashe bayani ba. Ban ƙara musu ko goro ɗaya a madadinta ba. Na yanke hukunci a inuwa, na bar ka kai da ba ka kai ashirin ba ka tsaya gabansu cikin rana. In ka tashi cire wa mutane abin da suka saba da shi, ka je da kanka, ka dubi idonsu, ka kuma riƙo wani abu a hannu. Ni ban yi ko ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya kawo zargina. Ana tsakiyar dashen bana na bi ta gaban teburin Nomau. Ya kira ni da wata fara'a da ban yarda da ita ba.

"Malam Bello, ran shugaban kwamiti shi daɗe. Ashe an koma?"

"An koma ina?"

"Ga tsohuwar abokiya mana. Ni ban ga laihi ba. Sai dai da ka riƙa tahowa da ƙahwarka, awa yadda kunka ce a yi."

"Nomau, mi kaka nuhi?"

"Abba na. Kullum da sahe shina nan. Kwali, ba kara ba. Yac ce kai ka aiko shi. Na so in hana, sai nic ce, wane ni da hana ɗan mai doka?"

Masu shan shayi na gefe suka kasa kunne. Na wuce abina.

Nomau na fara zargi. Na ce ramuwa ce, ya daɗe yana jiran ranar da zai mayar mani da abin da na yi masa gaban mutane. Na kwana biyu a kan wannan, ina jin daɗinsa. Amma Nomau ba ya ƙirƙirar abin da za a iya ƙaryata shi a kai da tambaya ɗaya, ya fi haka wayo. Sai zargin ya juyo kanka, na shiga kallonka a ɓoye kamar ɓarawo a gidana. Na ga kanumfari a aljihun rigarka da aka shanya, sai na tuna ka yi ciwon haƙori. Na ga kana daɗewa wajen kurkure baki kafin ka shigo gida, sai na ce mai tsabta ne kai tun can. Na ji ka yi tari da asuba, amma wane ne ba ya tari a fadama da sanyi? Na dubi leɓɓanka, na ga kamar sun yi duhu, na dubi na ƙanenka na ga duk ɗaya. Kowace alama in na juya ta sai ta zama ba kome ba, in na sake juyawa ta zama kome. Na ɗauko littattafan da nake rubutu na duba ko zan ga lokacin da ka canza. Na sami ranar sakin ruwa, na sami ranar zuba taki. Game da kai abin da na samu shi ne, Abba ya kai inji gyara, Abba ya kai iri gona. Ban san kome a kanka ba sai aikenka.

Na tambayi innarka ko ta lura da wani abu. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba.

"Malam, ɗanka na. Ga ɗakinai can, ga bakinka nan. Ni na gaji da ɗaukar saƙo tsakanin zaure da tsakar gida."

Gaskiya ta faɗa. Duk da haka ban zo wurinka ba. Na jira ranar da ka tafi sayen fetur, na sauka fadama wurin Arzika, babban 'yan dashenmu, mutumin Rara da ke zuwa mana duk rani. Na same su a bukka suna hutun azahar.

"Arzika, taba na zuwa gonar ga?"

Ya yi dariya. "Malam, kai ka tambaya? Ai mu godiya muka yi. Shekarar da kah hana, saura kaɗan mu ƙetare gonar Alhaji maƙwabcinka. Iri na kwance shina bushewa, yaro na tsaye shina roƙonmu awa zai yi kuka. Washegari sai ga shi da kwali, yac ce Baba ya sake shawara. Munka ce, dama mun san Malam ba marowaci na ba."

"Da kuɗin wa?"

"Wanga kuma ban sani ba."

Ni na sani. Ɗan yankin da na yankar maka ka noma naka, na sha mamakin inda kuɗinsa ke tafiya, har na zarge ka da almubazzaranci. Ashe albasata kake ceto da shi, kana rufe mani asiri gaban mutanen da na bar ka da su. Na ji sanyi a raina, na ji kunya, duk lokaci ɗaya. Na ce to shi ke nan, ba don kansa yake saye ba. Har na juya zan tafi, sai idona ya faɗa kan hannuwan Arzika, laka ta bushe a kansu har gwiwar hannu. Na tsaya.

"Wa ka kunna muku?"

"Wa kuwa? Wanda hannunai ab bushe."

"Shi ka sa ta ga baki?"

"To da mi zai ja ta, Malam? Da kunne?" Sauran suka fashe da dariya. Da ya ga fuskata sai ya gyara zama. "Kak ka damu. Shi ba ya sha. Kunnawa kawai shika yi."

Ban san yadda na hau tudu ba. Maganar da na yi ta gaya wa kaina ina yaro ce, ba a rage ko harafi ba. Kuma ba rani ɗaya ka yi kana wannan aiki ba. Na yi ta yawon makarantu ina nuna hoton huhu, na hana masu tebur, na ci mutuncin Nomau, amma ƙofar da ni kaina na shiga ta cikinta ban taɓa tunanin rufe ta ba, kuma da hannuna na tsayar da kai a bakinta, don kai ma ɗan makaranta ne, ban so ka shiga laka ba.

Na fara gyara abin da ke gyaruwa. Na koma wurin Arzika na gaya masa ba ni na aiko ba, mun yi ciniki, na ƙara musu lada da shayin safe, wanda ke son taba ya sayi abarsa ya sha lokacin hutu da hannunsa. Sun yi gunaguni, amma sun zauna. Na je na ba Nomau haƙuri a gaban masu shayin nan. Na kai wa liman maganar masu kunnawa, ya ce bai taɓa kawo ta a rai ba, zai tara masu gonaki. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyan kai ne.

Gonar kawunka da ka tafi taya shi dashe ta ninka tamu, dashen shinkafa kuma ya fi na albasa ruwa. Ma'aikata za su zo daga Rabah da ƙauyukan gulbi, manya da suka girme ka, suka kuma saba. Kawunka zai ce kai mai karatu ne, ka tsaya bisa ka lura da aiki. Wurin nan ne dai, bakin kwami. Kafin rana ta ɗaga wani zai ce, ɗan Malam, kunno mani guda. Ina roƙonka, ka cire takalmi ka naɗe wando ka shiga ruwan tare da su. Mai lura da aiki daga ciki ya fi ganin aiki, kuma ba wanda zai miƙa ashana ga mutumin da laka ta kai wa wuyan hannu. Kwali kada ya kwana a aljihunka, ko na wane ne. Ka gaya musu tun ranar farko, da bakinka, cikin ladabi, ka kira babbansu baba ka fara da shi. Za su yi maka ba'a, su ce ustazu ya zo. Ba'a takan yi kwanaki ta ƙare, abin da kake gudu ba ya ƙarewa. In sai an ƙara musu wani abu kafin su yarda, kawunka kuma ya ƙi, ka aiko mani, ina da albasa a rudu, zan buɗe. Masu sha su yi nesa da inji da jarkar fetur, wannan ko ba don kai ba.

Kada kuma ka ƙara yin ƙarya da sunana, ko don ka kare ni. Na gode da abin da ka nufa, Allah Ya saka maka. Amma da iri ya bushe gaba ɗaya a waccan shekarar ya fi mani.

In kuwa ta riga ta kama ka, ka saurare ni da kyau. Ba ka zama ɗan banza ba. Sha'awarta takan taso da ƙarfi kamar za ta tsaga kai, amma ba ta daɗewa. In ta zo ka tashi ka yi alwala, ko ka sha ruwa ka kama wani aiki, kafin ka gama ta sauka. Bayan cin abinci ta fi zuwa, kada ka zauna a bukka tare da masu sha a lokacin. Akwai asibiti a Goronyo, ka je a saurari ƙirjinka, in an tambaye ka ka faɗi gaskiya. Kada ka ce sai an gama dashe. Ni na yi ta cewa sai an gama wani abu har Baffa ya mutu.

Saura abu ɗaya. Na yi niyyar rubuta wa kawunka ya sa maka ido, ya duba jakarka in ka fita. Har na fara, na yaga. Na gaji da sanin ɗana ta bakin mai tebur da 'yan ƙwadago.

Jiya a tasha, da mota ta cika, ka zo ka durƙusa gabana ka yi mani sallama, na ɗora hannu a kanka. Rabon da ka kusance ni haka na manta. Wanda ya taɓa sha ya bari, hancinsa ba ya kuskure. Nakan ji ta a rigar mutum, nakan ji ta a gashinsa, kanumfari ba ya ɓoye mani ita. Da na ja numfashi ɗaya a wurin nan da na san amsar abin da ya hana ni sukuni tun dashe. Sai na riƙe numfashina har ka miƙe ka shiga mota.

Ban sani ba ko yarda ce ta sa, ko tsoro. Na yi ta juya abin, ban raba ba. Abin da na tabbata shi ne ba na son in saci amsar. Ina so ka ba ni da kanka. Direban nan zai juyo da kaya, ka ba shi takarda, ko layi ɗaya ne. In ka ce ba ta kama ka ba, na yarda, kuma daga ranar na daina kallon leɓɓanka. In ka ce ta kama ka, zan nemi izini a makaranta in zo Goronyo, ba da faɗa ba. Kwanakin farko su ne masu wuya, na san su, kuma ni kaɗai na yi nawa. Kai ba za ka yi naka kai kaɗai ba.

Allah Ya buɗa ƙirjinka, Ya ba ka numfashi mai tsawo cikin biyayyarSa. Ya sa albarka a guminka, Ya tsare ka daga ruwa da wuta da hanya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaida kawunka da mutanen gidansa. Ka riƙe salla.

Wassalam.

Mahaifinka,
Bello.